Da wane faifan Furtwängler zan fara?

Wani yaro ɗan abokina da ke karatun injiniya a Jamus ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Baba, wanda muke ɗaki ɗaya da shi ya kunna mini Simfoni (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa mai kashi-kashi) na 9 na Beethoven wanda Furtwängler ya jagoranta, har tsigar jikina ta tashi. Da na shiga intanet nema, sai na tarar da faifai sun haura goma, duk sunan mutum ɗaya, kiɗa ɗaya, amma wani kamar daga cikin rijiya ake kaɗa shi. Wanne ne na ainihi? Kuma in zan tara faya-fayan mutumin nan, da wanne zan fara?"

Ɗana, duk na ainihi ne, kuma babu wanda yake maimaicin ɗan'uwansa. Ka san waƙar da makaɗin fada ya yi a gidan rediyo da wadda ya yi a ƙofar fada ranar hawan salla, ko da baitocin ɗaya ne, wanda ya ji duka biyun ba zai ce maka abu ɗaya ya ji ba. To haka Wilhelm Furtwängler, Bajamushen nan madugun makaɗa, yake, har ma ya fi. Saboda haka masu tara faya-fayansa ba sa cewa "Na 9 na Furtwängler". Cewa suke yi "na Maris 1942", ko "na Bayreuth", ko "na Lucerne". Duk faifan da ka ɗauka, kafin ka dubi hoton bangonsa, juya bayansa ka nemi rana da gari da sunan ƙungiyar makaɗan. In babu su, ajiye shi.

An haife shi a Berlin a 1886. A 1922 ya gaji Arthur Nikisch a matsayin madugun ƙungiyar makaɗa ta Berlin Philharmonic, ya kuma rasu ranar 30 ga Nuwamba 1954. Wannan shekarar rasuwar tana da muhimmanci gare ka, domin a daidai lokacin ne kamfanoni suka fara ɗaukar sauti na sitiriyo, shi kuwa bai riske shi ba. Duk abin da za ka ji nasa mono ne, sauti daga kafa ɗaya. In kunnenka ya saba da faya-fayan zamani, kwana biyun farko za ka ji kamar an rufe maka taga. Daga baya sai ka manta.

Abin da ya sa dararensa suka bambanta yana cikin hannunsa. Toscanini, madugu ɗan Italiya wanda ake yawan gwada su, in ya sauke sanda kowa ya san inda bugun yake. Furtwängler sandarsa rawa take yi tana saukowa kamar hannun mai jin sanyi, makaɗa har zolaya suke yi a kan yadda ake gane lokacin shiga. Amma da gangan yake yi. Idan mutum 80 ba su faɗo a kan tsinin daƙiƙa ɗaya ba, masu manyan goge na ƙasa suka riga sauran da ƙiftawar ido, sautin sai ya fito da kauri, kamar daga ƙasa yake ɓullowa. Gudun kiɗan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana ƙara sauri in zance ya yi zafi, yana ja da baya in za a sauya hanya. Werner Thärichen, wanda ya daɗe yana buga tambura a ƙungiyar Berlin bayan yaƙi, ya sha ba da labarin ranar da suke gwaji da wani madugu baƙo, sai ya ji sautin ƙungiyar ya sauya farat ɗaya. Da ya ɗaga kai, sai ya hangi Furtwängler tsaye a bakin ƙofa. Shigowa kawai ya yi.

Mutum irin wannan situdiyo takura ce gare shi, musamman zamanin faifan garmaho da ake tsayar da kiɗa duk bayan minti 4 a juya. Shi ya sa za ka ji masana na cewa a bar na situdiyo a nemi na dandali. Rabin gaskiya ce. Ni dai shawarata, da na situdiyo za ka fara, kuma guda ɗaya tak: Simfoni na 4 na Schumann, da ƙungiyar Berlin, wanda kamfanin Deutsche Grammophon ya ɗauka ranar 14 ga Mayu 1953 a cocin Jesus-Christus da ke unguwar Dahlem. Kusan rabin awa ne. Sautinsa tas yake, babu tari, babu ƙarar kujera. Labarin da ake bayarwa shi ne ya gaji da masu na'ura suna katse shi, ya ce ko a bar shi ya kaɗa daga farko har ƙarshe ko a fasa. Ko yaya aka yi, abin da ke cikin faifan numfashi ɗaya ne.

Ga inda nake so ka kasa kunne. A ƙarshen kashi na 3, kiɗan yana lafawa har ya kusa ɗaukewa, kamar wutar da ta zama garwashi. Babu tsayawa tsakaninsa da kashi na 4. Wata 'yar gada ce da ba ta kai minti 2 ba. Goge suna kakkarwa can ƙasa-ƙasa, wasu suna hawa da ɗan zance mai gaɓa kaɗan, su maimaita, su sake hawa. Sai ƙahonin tagulla su amsa daga nesa, sau ɗaya, sau biyu, kowane amo ya fi na baya faɗi. A hannun madugai da yawa wurin nan hanya ce kawai da ake bi a wuce zuwa babban kiɗa. A hannunsa, hadari ne ke haɗuwa a gabas: kana ganinsa, ka san zai zubo, amma ya ƙi zubowa sai ya gama cika. Lokacin da kashi na 4 ya ɓarke, za ka tarar ka daɗe ba ka ja numfashi ba. Saurari wurin sau 3, sannan ka nemi wani madugun daban ka ji yadda ya bi da shi. In ba ka ji bambanci ba, to Furtwängler ba naka ba ne, ka huta da ɓarnar kuɗi. Ba laifi ba ne kuwa.

In ka ji, sai ka ƙara da abin da aka ɗauka a wannan cocin a Disamba 1951: babban Simfoni na Schubert, wanda ake kira na 9, da Simfoni na 88 na Haydn. Na Haydn ɗin yana nuna maka mutumin ya iya murmushi, abin da masu sukarsa ba sa faɗa.

Yanzu mu zo kan Na 9 na Beethoven da ya tayar maka da tsigar jiki. Uku ne ake jayayya a kansu.

Na Lucerne, 22 ga Agusta 1954, da ƙungiyar Philharmonia ta Landan, wata 3 da 'yan kwanaki kafin rasuwarsa. Shi ne mafi kyawun sauti, kuma makaɗan sun fi tsabtar hannu. Kiɗan dattijo ne wanda ya daina gaggawa. Kamfanin Audite ya fitar da shi daga tef na asali na gidan rediyon Suwizalan a 2014, kuma a cikin ukun nan da shi nake so ka fara.

Na Bayreuth, 29 ga Yuli 1951, shi ne ya fi suna, domin da shi aka sake buɗe bikin kiɗe-kiɗen Wagner na garin bayan yaƙi. Kamfanin EMI ne ya ɗauka, a ƙarƙashin furodusa Walter Legge, bai kuma fito ba sai bayan mutuwar madugun. Shekara da shekaru kowa ya ɗauka abin da aka kaɗa a daren ne ke cikin faifan. Da kamfanin Orfeo ya fito da tef na gidan rediyon Bavariya, daga baya BIS ya fito da na gidan rediyon Suwidin a 2021, sai aka ga ba su yi daidai da na EMI ba. Akasarin masu bin diddigi sun tafi a kan cewa na EMI haɗi ne, an cusa abin da aka ɗauka wajen gwaji. Wasu suka yi ta fushi kamar an cuce su. Ni ban ga abin fushi ba. Kashi na 3 na faifan EMI, mai tafiyar hawainiya, har yau ban ji kamarsa ba, duk da mai ƙaho ya yi tuntuɓe a tsakiyarsa kowa na ji. A ƙarshen kiɗan kuma gudu ya yi yawa har makaɗa suka kusa watsewa. Ƙungiyar biki ce da aka tattaro daga garuruwa, ba su saba da rawar hannunsa kamar mutanen Berlin ba.

Sai na Maris 1942, a tsohon zauren Philharmonie na Berlin. Ina kyautata zaton shi abokin naka ya kunna maka, domin shi ne ke kama matasa. Tambura a cikinsa kamar rugugin igwa, tsakiyar kashi na 1 kamar gini na rushewa, waƙar farin cikin da ke ƙarshe kuwa ba farin ciki ake ji a cikinta ba, kururuwa ce. Babban abu ne, amma kada ka mayar da shi abincin kullum, kuma kada ya zama shi ne ma'auninka na Beethoven. Wanda ya fara da shi, duk wani Na 9 da zai ji daga baya lami zai zame masa.

Ba zan wuce wurin nan ban faɗa maka abin da ke kewaye da wannan faifan ba, tunda a ƙasar kake zaune. Furtwängler bai shiga jam'iyyar Nazi ba. A Nuwamba 1934 ya rubuta a jarida yana kare mawallafin kiɗa Paul Hindemith, abin da ya ja ya ajiye muƙamansa, kuma akwai Yahudawan da ya taimaka suka tsira. Amma ya karɓi muƙamin ɗan majalisar Prussia daga hannun Göring, jigon Nazi, a 1933, ya dawo bakin aiki a 1935, ya zauna a Jamus yana kaɗa wa gwamnatin da ta kori abokan aikinsa, har da babban mai gogensa Szymon Goldberg wanda ya bar ƙungiyar a 1934. Ranar 19 ga Afrilu 1942, jajiberin ranar haihuwar Hitler, ya sake jagorantar Na 9 ɗin nan, kuma akwai hoton majigi da ya nuna Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya miƙo masa hannu ya karɓa. Masu kare shi suna cewa ya goge hannun da hankici. Na kalli wurin ba sau ɗaya ba. Abin da na gani dogon mutum ne da hankici a hannu wanda bai san inda zai sa kansa ba. Kotun tantance 'yan Nazi ta wanke shi a Disamba 1946, ya koma gaban makaɗan Berlin ranar 25 ga Mayu 1947. Yehudi Menuhin, shahararren mai goge Bayahude, ya yarda ya yi kiɗa da shi a wannan shekarar, ya sha zagi a kai. A Chicago kuwa, inda aka gayyace shi, a 1949 manyan makaɗa suka ce in ya zo ba za su taka garin ba, aka janye gayyatar. Ni ina sauraron faya-fayan lokacin yaƙin, amma ban taɓa mantawa da su wa ke zaune a kujerun gaba ba, da su wa aka hana shiga. Ka kuma kula kada a sayar maka da na Afrilu a madadin na Maris. Akwai shi a kasuwa, sautinsa ya fi muni nesa ba kusa ba.

Za ka yi mamakin yadda kiɗan 1942 ya fi wasu na 1948 fitowa da kyau. Dalilin na'ura ne. Jamusawa suna da Magnetophon na kamfanin AEG, mai naɗar sauti a tef, kuma a 1940 injiniyan gidan rediyon gwamnati Walter Weber ya gano dabarar da ta rage shuu ɗin tef ƙwarai. Tef ɗin yana gudun santimita 77 a daƙiƙa. Mai ɗaukar sautin da Furtwängler ya amince da shi, Friedrich Schnapp, makirufo kaɗan yake sawa, ba ya kuma yawan taɓa maɓallin ƙara da ragewa, don haka in kiɗa ya yi ƙasa ya yi ƙasa da gaske, in ya tashi ya tashi. Bayan faɗuwar Berlin sojojin Tarayyar Sobiyet suka kwashe tef ɗin zuwa Mosko, kamfanin Melodiya ya riƙa buga su a faifai, mutanen Yamma suna sayowa suna kwafa, kwafi a kan kwafi. Yawancin masu sautin cikin rijiya da ka ci karo da su jikokin waɗannan ne. An dawo da kwafi Berlin a 1987, na asali kuma a 1991. A 2019 ƙungiyar Berlin da kanta ta fitar da su cikin akwati mai faifai 22, na rediyo daga 1939 zuwa 1945. Yana da tsada, amma shi ne ma'auni. Ko ba ka saya ba, ka nemi wannan bugun in za ka saurara.

A cikinsu, wanda nake fara kunna wa baƙo shi ne Coriolan na Beethoven, Yuni 1943, minti 9 kacal. Shirun da ke tsakanin bugun farko-farko ya fi bugun kansa ban tsoro, ƙarshensa kuma yana mutuwa a hankali har ba ka san inda sauti ya ƙare shiru ya fara ba. Sai Simfoni na 4 na Brahms na Disamba 1943, wanda kashinsa na ƙarshe yake gangarawa kamar motar da birki ya tsinke mata amma direba bai saki sitiyari ba. Makonni kaɗan bayan wannan, ranar 30 ga Janairu 1944, bama-bamai suka rushe zauren Philharmonie ɗin. Simfoni na 9 na Bruckner na 7 ga Oktoba 1944 shi kaɗai ne ɗaukar wannan kiɗa da ya bari, ba ka da zaɓi, ba ka kuma bukatar wani. Na 3 na Beethoven da makaɗan Vienna a Disamba 1944 yana da nasa tarihin: kamfanin Urania na Amurka ya fitar da shi a 1953 ba da izininsa ba, ya kai su kotu, kuma bugun nasu yana gudu fiye da kima har amon ya hau sama. Wasu bugu na araha sun gaji wannan aibin.

Sauran zan bi su da sauri. In kana son Wagner, wasan waƙarsa Tristan und Isolde na Yuni 1952 a zauren Kingsway na Landan, da mawaƙa Kirsten Flagstad da Ludwig Suthaus, shi ne babban aikinsa na situdiyo. Awa 4 ne da ɗoriya, ka bari sai hutu. An san cewa mawaƙiya Elisabeth Schwarzkopf ce ta ara wa Flagstad amo 2 mafi tsayi da muryarta ta daina kaiwa, kuma wannan bai rage komai ba. Konshato na goge na Beethoven (kiɗan mai goge ɗaya tare da ƙungiya) da Menuhin akwai na Lucerne 1947 da na Landan 1953. Na biyun ya fi sauti, na farkon ya fi zuciya. Simfoni na 1 na Brahms, nemi na Hamburg, 27 ga Oktoba 1951. Na dandalin Berlin bayan yaƙi, daga 1947 zuwa 1954, Audite ya tattara su daga tef na gidan rediyon RIAS a 2009. Wani abin da zai ba ka sha'awa, ya taɓa kawo makaɗansa nahiyarmu: a Afrilu 1951 sun yi wasa a Alƙahira da Iskandariya, kuma Na 7 na Bruckner da Na 6 na Tchaikovsky da aka ɗauka a Alƙahira suna nan a faifai. Sautinsu matsakaici ne. Na Tchaikovsky ɗin, na situdiyon Berlin na 1938 ya fi shi kammala, duk da tsufansa.

Akwatin Warner mai faifai 55 da ya fito a 2021, wanda ya tara abin da ya yi wa kamfanoni, kada ka yi masa gaggawa. Wanda ya sayi akwati tun farko yakan saurari faifai 4 ya jingine sauran. Haka nan kada ka nace sai ka haɗa simfonin Beethoven guda 9 duka daga hannunsa. Na 2 sau ɗaya aka same shi, a Landan a 1948, kuma sautinsa sai mai haƙuri.

Abu biyu ka guje musu. Na farko, duk bugun da aka rubuta wa sitiriyo. Tun shekarun 1960 ake wannan dabara ta raba mono gida biyu a ƙara masa amsa-kuwa, yanzu kuma masu kwamfuta sun ƙara da wankin sauti har su kankare shuu ɗin tare da naman gogen, ya koma kamar ana kaɗa gwangwani. Shuu kaɗan alama ce ta ba a taɓa lafiyar tef ɗin ba. Na biyu, faifan da ba nasa ba. Wannan ni kaina ya ci ni. Ina saurayi kamarka, a wani shagon tsofaffin faya-fayai, na ga Simfoni na 9 na Dvořák da sunan Furtwängler ɓaro-ɓaro a bango. Kuɗin abincina na kwana 3 na zube. Na yi wata da watanni ina kunna wa mutane ina cewa ku ji hannun maigida, har da nuna musu inda "ba wanda zai iya haka sai shi". Ashe Oswald Kabasta ne da makaɗan Munich a 1944. Kiɗan yana da kyau har yanzu, ni ne dai na ji kunya.

Game da wanda aka kunna maka, ga yadda za ka gane shi ba tare da ka tambayi kowa ba. Dubi sunayen mawaƙa huɗun. In ka ga Tilla Briem da Peter Anders, na Maris 1942 ne. In Schwarzkopf ce da Hans Hopf, Bayreuth 1951. In Schwarzkopf ce da Ernst Haefliger, Lucerne. Ka rubuto mini wanne ne, ka kuma gaya mini abin da gadar Schumann ta yi maka. Ka gaida babanka in kun yi waya.